Zomayen Kayan Barcina Sun Shiga Tsakanina da 'Yata

Anti Boksun, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Ni baƙuwa ce a ƙasar nan, 'yar birnin Changsha, shekarata bakwai da aure a nan birnin Daejeon. A garinmu in sanyi ya shigo, kowace mace tana da kayan barci masu auduga, kauri kamar katifa. Da su muke zuwa kasuwa, da su muke cin taliya a bakin titi, gwaggota ma da nata ta je banki, kuma ba wanda ya suma. Bana uwata ta aiko mini da wasu ruwan hoda masu zomaye a jiki. In na sa su, ji nake kamar ta rungume ni.

Kullum da safe nake sauko da 'yata Sodam, mai shekara shida, ta hau motar makaranta a ƙofar benenmu. Sauran iyaye mata, su bakwai, kowacce cikin baƙar rigar sanyi har idon sawu, an gyara gira, an shafa jan baki, sai ka ce daga nan gidan makoki za su wuce. Ga ni a tsakiyarsu da zomayena. Mutanen nan akwai ladabi kam: ɗaya daga cikinsu, Maman Jiho, ta yi murmushi ta ce lallai ina da ƙarfin hali, ni sakarya har godiya na yi mata. Mijina Taegyun ya ce ba ruwansa da harkar mata, amma da mun haɗu da maƙwabta a lif, na'urar hawa bene, sai wayarsa ta fara ba shi sha'awa. Uwarsa kuma ta kawo mini baƙar riga irin tasu, wai ta saya ta yi mata yawa. Matar da ko kafaɗata ba ta kai ba!

Duk wannan bai dame ni ba. Amma ranar Litinin Sodam ta zare hannunta daga nawa, ta ce in tsaya bayan ƙofa za ta ƙarasa da kanta, wai yara na cewa mamarta ba ta farka ba. Kwana huɗu ke nan ina leƙen 'yata ta gilashi. Wallahi na yi kuka. In na sa baƙar rigar, na yarda ke nan uwata 'yar ƙauye ta haifa. In na ƙi, na rasa ɗan hannun nan. Yaya zan yi?

Mai Zomaye, Daejeon

Mai Zomaye, sannu, share hawayenki.

Kina da gaskiya: jin ɗumi ba laifi ba ne, kuma kyautar uwa ba abin kunya ba ce. Maƙwabtanki ma da tasu. Mu nan an raine mu a kan cewa fita a gyare girmama mutane ne, kuma in uwa ta fita daban, a kan ɗanta ake hucewa. Ban ce daidai ba ne, na ce haka yake. Sodam ba ta ƙi ki ba, kallon mata bakwai ne ya yi wa 'yar shekara shida nauyi.

To matso ki ji. Gobe ki saci kallon ƙafar Maman Jiho, can ƙasan rigar. Kina zaton don me muke son ta har idon sawu? Shekara goma sha ɗaya ina raka yarana mota, ban taɓa cire kayan barci ba, nawa ma masu agwagi ne. Abin da kika yi duk muna yi, ke dai zif ne ba ki ja ba. Surukarki ta san haka, shi ya sa ta yi miki ƙaryar rigar ta yi mata yawa, kuma ki gode mata.

Ki sa zomayen uwarki a ciki, rigar surukarki a sama. A cikin lif ki ɗaga bakin rigar ki nuna wa Sodam kunnen zomo ɗaya, ki ce sirrinku ne ku biyu. Sannan ki miƙa mata hannu, kada ki matsa mata. Ina jin kafin ƙofa ta buɗe za ta kama.

Allah Ya raya miki ita, Ya bar ki da ɗuminki.

Anti Boksun