Kuranga Bakwai da Suka Rage

Zarkent, 6 ga Nuwamba

Yayata Ozoda opa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya sanyin Tashkent? Inna tana gaishe ki.

Abin da na gani yau da safe ne ya sa na nemi biro. Ranar Laraba muka gama binne inabi. Duk jan inabin Saperavi mun kwantar da shi mun rufe da ƙasa, yadda ake yi kowace shekara kafin ƙanƙara ta sauko. Layin farin inabin Soyaki na bakin rafi kaɗai na bari a tsaye, kamar yadda kika ce, don sanyi ya kashe shi mu tumɓuke. Kuranga ashirin da takwas ne.

To da na fita, sai na tarar da bakwai a binne.

Na durƙusa na duba da kyau. An juya kan kowace kuranga wajen fitowar rana, an ɗora mata ɗan dutse. Saran fartanyar kuma daga hagu yake zuwa. Opa, bahago ɗaya na sani mai irin wannan binnewa, kuma yau watansa takwas a kabari. Na bi sawu, sawun takalman robar Baba ne, har da facin nan na dunduniyar dama. Na dawo gida na same su a bayan ƙofa, da ɗanyar laka a jikinsu.

Ban taɓa komai ba. Ki ba direban motar kwalabe amsa.

Ƙanenki,
Tursun

Tashkent, 8 ga Nuwamba

Ƙanena Tursun uka,

Wa alaikumus salam. Ka gaida Inna.

Lallai ka girma, har ka iya shirya mini tatsuniya. In kai ka binne, ka ce kai ne, ba sai ka jawo matattu cikin maganar ba.

Ka saurare ni, ni nake tsayawa gaban masu cin abinci kullum a gidan abincin da nake aiki. Wanda ya ce a kawo tsire ko dafa-dukan osh, jar giya yake so, Saperavi, mai nauyin da zai tare kitsen rago. Wanda ya ce kifi, farar Muskat mai ƙamshi. Farar giyar Soyakin Baba fa? Na gwada ta da kifi, na gwada ta da kaza, har da samsa, burodin nan mai nama a ciki. Tsami ne kawai da ɗanɗanon dutse. Wani baƙo ya tambaye ni ko da ita muke wanke tukwane. Ba abincin da ta dace da shi, na faɗa wa Baba haka tun yana raye.

Ka tone bakwai ɗin nan. Takalman kuma ka ba wani mabuƙaci, sun daɗe a bayan ƙofa.

Yayarka,
Ozoda

Zarkent, 11 ga Nuwamba

Ozoda opa,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta zo. Ban tone ba, ki yi haƙuri, hannuna ya ƙi.

Washegarin rubuto miki, wasu bakwai sun shiga ƙasa. Sai na daina tsayawa shan shayi, gari na wayewa na je na zauna bayan itacen tuffa. Safiya biyu ba kowa. A ta uku na ga Inna, cikin rigar sanyin Baba da takalmansa, tana jan fartanyarsa. Na bari ta gama bakwai ɗinta kafin na fito.

Na ce, "Inna, da wannan gwiwar taki?"

Ta ce, "Kai kuma da wannan ƙaton kan naka kake zaton itacen tuffa zai ɓoye ka?"

Na ce, "Yaushe kika zama bahaguwa?"

Sai dariyar ta ɗauke. Ta dubi hannunta kamar na wani ne. Ta ce, "Ni da dama nake ɗaukarta daga gida. In na zo nan, ita take komawa."

Tun ranar take kwance, ƙirjinta yana kuka. Saura kuranga bakwai a tsaye, kuma dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, kullum tana ƙara saukowa. Holmat maƙwabcinmu ya ce ƙanƙarar ba za ta wuce Lahadi ba ta iso nan ba.

Na ce zan ƙarasa, Inna ta hana. Ta ce layin ba nawa ba ne. Ashe Baba ya dasa shi ne a makon da aka haife ki, shi ya sa bai taɓa yarda ɗan ƙodago ya sa masa hannu ba. Ta ce ranar bikin sabuwar shekara na Navruz ɗin nan da kika ce a gaban baƙi farar tasa ba ta dace da komai ba, da suka watse ya je ya zauna a bakin rafi har shayinsa ya huce. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Ba ta taɓa shanta a inda ake shanta ba."

Ke kina makaranta duk lokacin binne inabi, ni ina nan. Ba giyar tebur ba ce, opa. In an rufe kurangar ƙarshe, hannu ya ƙage, sai Baba ya zauna a kan ƙasar, ya gutsuro gurasa mai zafi, da busasshen cukun nan mai gishiri, ya zuba ta a kofin shayi. A nan tsamin yake kwanciya. Ban iya faɗa da kalmominku na birni ba.

Layinki ne. Abin da kika ce shi zan yi.

Ƙanenki,
Tursun

Tashkent, 13 ga Nuwamba

Uka,

Zan zo Asabar da maganin Inna, in koma Lahadi da motar safe. Don Inna zan zo. Kada ka yi mini maganar inabi.

Ozoda

Zarkent, 17 ga Nuwamba

Ozoda opa,

Assalamu alaikum. Ina fata kin sauka lafiya. Inna ta sha romo yau, ta ma zage ni, kin ga sauƙi ya samu. Ƙanƙara ta sauko awa biyu bayan tashin motarku, yanzu har gwiwa.

Ba maganar inabi zan yi ba, kin hana. Safar hannunki kika manta a kan taga, na ba direba. Ki shafa man kitse a tafin hagun, kanta takan warke cikin mako.

Abu ɗaya kawai. Ranar Lahadi da safe ina bayan itacen tuffa. Na ga sabuwar bahaguwar gidanmu da takalman da suka fi ƙarfin ƙafarta. Ke kaɗai na gani. Amma kunnena sara biyu ya ji, naki da wani a bayansa, mai nauyi, marar gaggawa, kuma in kin tsaya hutawa shi ba ya tsayawa. Na ƙirga. Huɗu kika binne. Da kika miƙe, layin duka a rufe yake.

Na ga kin zauna a ƙasa kin zuba kofi biyu. Ɗaya kika sha. Bayan kin tafi na je ɗauko su, ban sami abin zubarwa ba.

Kada ki ce tatsuniya ce. Inna tana taga, ta ce ta gane tafiyarsa. Holmat yana kan katanga da akuyarsa, ya cire hula ya shafa addu'a. Sai kuma ke, opa, don na ga lokacin da kika waiwaya kika matsa masa gefe.

Ƙanenki,
Tursun