Kofin Ulayu

Litinin, 3 ga Agusta, 1998
Ƙanƙara ta saki bakin teku, jirgin kaya ya shigo. Ban fita ba. Shekara arba'in da ɗaya rabona da kallon jirgi.

Laraba, 5 ga Agusta
Jikata Siila ta zo da tsohon cikinta. Wai in mace ta haifa, Ulayu za ta sa mata. Na ce sunan wanda ya rasu ake ba jariri don ya dawo cikinmu, wa ya ce mata matata ta rasu?

"Kaka, kofinta har ya yi tsatsa a jikin ƙusa."

Na ce tsatsa ba shaidar mutuwa ba ce. Ta ce kaina ya fi ƙahon barewa tauri. Ta cinye min busasshen kifi, ta tafi.

Lahadi, 9 ga Agusta
Malamar asibiti ta zo tambayar yadda muke kiran tarin fuka a da. Ni da ban taɓa shiga aji ba, baƙaƙen nan ma a littafin addu'a na tsince su.

Mahaifiyata mugun huhu take cewa. Fadan cocinmu ya ce a ƙasarsu mai cinye mutum ne, wasu su ce farar annoba. Likitocin da suka zo a jirgi haruffa biyu kawai suka rubuta a bayan hannun Ulayu. Mu kuwa ciwon jirgi muke ce masa. Ulayu ta hau jirgin a duba ƙirjinta, ba su bari ta sauko ba. Shayinta bai ma huce ba. 'Yarmu Miali tana hannuna. Ba wasiƙa, ba kabari.

Ciwo ɗaya, suna biyar. Ita kuwa lamba suka rataya mata.

Juma'a, 14 ga Agusta
Siila ta sauka. Mace. Babu suna, saboda ni.

Talata, 18 ga Agusta
Jaririya kuka take ba ji ba gani. Miali ta ce, "Baba, sunanta take nema, kai ma ka sani."

Da rana barci ya ɗebe ni a kujera. Ga Ulayu tana tahowa a kan ruwa kamar daskararre ne, daga kudu, ba ta tari. Takalmanta a hannu. Ta tsaya a ƙofa, ta ƙi shigowa. Wai ba wanda ya kira ta.

Alhamis, 20 ga Agusta
Na je gidan Siila. Maganar kifina ce ta kai ni. Suka ɗora min yarinyar a cinya, tana tsala ihu. Ban san abin da na faɗa a kunnenta ba. Ta dai yi shiru, ta zuba min ido. Miali ta durƙusa tana ce mata, "Inna, sannu da hanya."

Siila ta ce, "Kaka, hawaye?" Na ce hayaƙi ne. Gidansu ba murhu.

Ban yarda da komai ba. Na dai sauke kofin na goge shi da yashi. Ya yi mata girma yanzu.