Shanun Ɗiyata Suna Birnin Ƙonni

Malam mai ba da shawara, don girman Allah ka taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini. Ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da furfura ta fito mini na koyi baƙaƙen nan wurin matar malamin asibiti, kuma ban yarda in ba kowa ya rubuta mini ba, don Illela ba ta riƙe sirri.

Ɗiyata ta fari aka saka. Mijin, Yari, falke ne mai kai goro da yadi Birnin Ƙonni, kuma akwai yara ƙanana tsakaninsu. Ban yi kukan sakin ba, aure rai gare shi. Shanu ne suka hana ni sakat.

Da ta yi haihuwar fari na sayar da mundayen azurfar da na gada wurin uwata, na sayi karsana hannun Dabo, wani Bafillace na Tozai, don jikokina su sha nono. To, ka san al'adarmu. Ɗiyar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata kyauta a idon jama'a, sai a ce uwar ba ta da kunya. Shi ya sa ban kai da kaina ba. Na gaya wa Dabo ta yarinyar ce, amma ya miƙa igiyar hannun mijin. Unguwa duk ta ga Yari ya karɓa yana washe baki. Karsana ta zama saniya, ta haihu, ɗiyanta ma suka haihu. Yarinyar nan ke ba su dusa da ƙasari, ita ke tatsa, ko tana goyo ko tana zazzaɓi. Shi ko sunayensu bai sani ba.

Da suka je gaban alƙali, ya ba ta gadon kwananta da tasoshi da tukwane da zannuwa. Kan shanu ya ce ta kawo shaida. Dabo ya yi kudu da garkensa tun farkon rani. Na ajiye kunya na je na tsaya cikin maza, alƙali ya ce ba a karɓar shaidar uwa ga ɗiyarta. Yari ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse nasa ne. Kashegari ya kora shanun gidan kawunsa a Ƙonni, ƙasar Faransa, inda dogarinmu ba ya takawa. Autan jikokina yanzu ruwan koko yake sha, duk ya rame. Allah ya isa tsakanina da Yari!

Ga abin da na ƙudura. Tun da aka rufe iyaka saboda yaƙin nan, Yari bai daina ƙetarewa da kaya ba. Na san hanyar dajin da yake bi ta bayan Kalmalo. In na aika wa masu gadin Faransa kalma ɗaya, za su kama shi. So nake in ji an ɗaure shi da igiya kamar yadda ya ɗaure shanun ɗiyata, a kai shi fasa dutse har bayansa ya lanƙwashe, uwarsa ma ta san yadda kukan ɗa yake. Wallahi in na tuna haka har sanyi nake ji a raina. Amma in na dubi yaran sai gabana ya faɗi. Mi zan yi?

Taka, wata uwa a Illela.

AMSA

Inna, sannu da wannan ɓacin rai. Rubutunki ya karantu sarai, zafinki ma haka.

Bari in fara da alƙali, don bai zalunce ku ba. A shari'a aure ba ya gama dukiya, abin mace nata ne, na miji nasa ne. In sun rabu suka yi jayayya, abin da aka san na mata ne a ba matar, dabba kuwa da makamantanta a bar wa mijin da rantsuwa, sai in matar ta kawo shaida. Alƙali ba ya ganin abin da ke zuci. Ko Yari ma, ban wanke shi ba, amma mutumin da aka miƙa wa igiya gaban unguwa yana iya ɗauka surukarsa ce ta karrama shi. Kunyarki abin yabo ce, sai dai ita ta rufe bakin kyautarki.

Ƙofa ba ta rufe ba. A maganar dukiya, shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai ƙara suna isa. Dabo ba ɗan'uwanku ba ne, kuma da kunnensa ya ji wa kika ba. Damina ta kusa, zai dawo. Ki aika Tozai tun yanzu a jira shi. In ya zo, ɗiyarki ta koma wurin alƙali da shi, in ba a saurare ta ba ta ɗaukaka ƙara zuwa Sakkwato. Ki raka ta da ƙafarki, kowa ya gani. Shanun suna ƙetare, amma gidan Yari da rumfarsa suna Illela, nan za a matsa masa har ya dawo da su. Abin da saniya ta haifa kuwa na mai saniya ne. Kafin nan, ci da shan yaran wajibi ne a kansa, ku nema gobe, kada ku jira damina.

Maganar masu gadi, ki binne ta. Ranar da suka kama shi, duk abin da aka sani da sunansa a Ƙonni za su kwashe, shanun ɗiyarki ne farko. Babu alƙalin da zai karɓo su daga hannun Faransa. Kuma wata rana jikokin nan za su girma su tambayi wanda ya sayar da ubansu.

Inna, ko Yari a igiya, ko saniya a turken ɗiyarki. Ba za ki samu duka biyu ba, kuma ɗaya ce kawai ke ba da nono. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba mai gaskiya gaskiyarta, ya raya miki jikoki.