Sifilin da Aka Ba 'Yar Direba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ban da raina da yake a ɓace tun ranar Talata.

Kin san shekarata goma sha ɗaya ina koyar da Turanci. To, bana shugaban makarantarmu ya ce wai kunnen malami yana da son kai, don haka manhajar kwamfuta ce za ta yi wa yara jarrabawar magana. Aka kawo kwamfutar hannu guda shida aka jera a ɗakin karatu. Yaro ya sa abin kunne, ta yi masa tambaya, ya amsa, ta ba da maki. Ni aikina in kira suna in goge gilashin kwamfuta.

Akwai wata ɗalibata, 'yar wani direba, mai in'ina. Duk ajin babu mai Turancinta, sai dai kalmar farko takan maƙale mata, sai an jira ta. Shekara biyu ina lallaɓa ta kafin ta yarda ta ɗaga hannu a aji. Ashe ita manhajar daƙiƙa biyar take jira. In ba ta ji komai ba, sai ta yi godiya ta wuce gaba. Ina tsaye ina kallon leɓen yarinyar yana rawa, aka yi mata godiya har sau huɗu. Sifili aka ba ta, kuma wanda ya faɗi jarrabawar magana sai ya maimaita aji.

Na je ofis kamar zan tashi sama. Shugaba ya ce maki ya riga ya tafi kamfanin da ya yi manhajar, bakin alƙalami ya bushe. Na roƙa a bar ni in sake mata da kaina, ya ce ai abin da ake gudu ke nan. Mutumin da yake cinye mana rabin awa a taron safe kafin ya kai ga abin da zai faɗa, wa ya taɓa katse shi? Na ƙi sa hannu a sakamakon, mataimakinsa ya sa, ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi. Ko a jikina.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne na jiya. Bayan an tashi, yarinyar ta tsaya a ƙofar aji ta ba ni haƙuri da Turanci, wai ta ba ni kunya. Ta kai minti biyu tana magana, Yaya, ban ji kuskure ko ɗaya ba.

Ki gaida Mama da yara, ki sa ni a addu'a.

Taki ƙanwa,
Auta