Foldar da Ka Bari a Kwamfutar Shago

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma shekara ashirin da biyu na yi ina buga wa mutane wasiƙu a sakatariyar Ikara, ban taɓa buga maka ko guda ba. Yau zan buga.

Gida lafiya lau. Babanka ya sare raken Gubuchi, ya yi kyau bana, sai dai har yanzu shi da masu mota ba sa rabuwa ba faɗa. Ƙanwarka Hauwa ta haihu, mace, mai goshi irin naka. Shagon buga takardu da ka buɗe min bayan na yi ritaya yana nan, kullum ina buɗewa.

A kan kwamfutar shagon nake son mu yi magana. Ka san akawunt biyu ka yi a cikinta, nawa da naka. Kowace safiya in na kunna sai hotonka ya tare ni, da wannan hular da na ce ba ta yi maka kyau ba. Bayan sadakar arba'in na goge akawunt ɗinka da hannuna. Ban yi shawara da kowa ba, kuma ban yi nadama ba. Na ɗauka an gama ke nan.

Ashe da sauran rina a kaba. Makon jiya makarantu uku daga Kudan suka kawo tambayoyin jarrabawa, suna so kafin Litinin. Na buga shafi goma, kwamfuta ta ƙi ajiyewa, wai babu wuri. Na kira Malam Yohanna a waya, mai gyara a Makarfi. Ba ka san shi ba, bayan rasuwarka ya zo daga Kafanchan. Ya ce min goge akawunt kamar cire sunan ɗan haya ne daga ƙofa, kayansa suna nan jibge a ɗaki. Ya ce in fara kwashe abin da nake so, don in aka goge babu dawowa.

Kwana biyu ina zagaye foldarka ban buɗe ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ita ce kaɗai abin da ya rage yadda ka bar shi.

Da na buɗe, me zan gani? Wasan ƙwallo, wasan ƙwallo, wasan ƙwallo. Wannan ne aikin da kake cewa ya hana ka zuwa gona? Shi ya cinye min wuri. Sai hotunan rake, da takardun neman aikinka. Can ƙasa na ga wata ƙaramar folda, ka sa mata suna Gyaran Yaya.

Duk takardar da na buga a shagon nan kana raye tana ciki, kwafi biyu biyu: yadda na buga, da yadda ka gyara kafin ka tura firinta. Ni da nake cika baki a gaban kwastoma cewa yatsuna ba sa kuskure! Ashe idona ya daɗe da raunana, kai kake bin bayana kana share min hanya. Kana zaune a gefe ina wannan alfahari, ko tari ba ka taɓa yi ba. Na yi dariya har na yi kuka, kuma na ji haushinka ƙwarai. Me ya hana ka faɗa min?

Na san abin da ya hana. A wurina ka koya.

Na kwashe foldar gyaran da hotunan a filashi, na sake kiran Malam Yohanna. Ya bi da ni har wani jeri inda kwamfuta take lissafa masu amfani da ita. Ga nawa da sunana. Naka kuwa ta rubuta wai ba a san mai shi ba. Raina ya ɓaci. Kai ka sayo ta, kai ka haɗa ta, kai kake hure mata ƙura, yau ita ce ba ta san ka ba?

Sai Malam Yohanna ya ce don kada a goge na wani, in faɗa masa sunan da ke kan foldar. Bawan Allah bai san abin da ya tambaya ba. Shekara ashirin da tara ban taɓa kiran sunanka ba. Kunyar ɗan fari. Wannan yaron nake cewa, ko yayan Hauwa. A bayan kakarka ka girma, kana ce min Yaya. Ranar da ka gama makaranta ban je ba, don kada a ce na yi rawar kai. Ko a asibiti, kwana ukun nan na zazzaɓi, a bakin ƙofa na tsaya. Ba na zagin al'adarmu, haka aka yi min ni ma. Amma ranar da ya tambaye ni na ga ni da na'urar nan ba mu da bambanci a baki.

Na faɗa masa. Nasiru. Da ƙarfi na faɗa, har mai shayin da ke gefen shago ya waiwayo. Na ƙara da cewa ɗana ne, ni na haife shi.

Daga nan na danna gogewa. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ba a cikin ƙarfe kake ba, kuma ba sai kwamfuta ta shaida ka ba. Wuri ya samu, tambayoyin Kudan sun tafi ranar Lahadi. Na sayi tabarau, na karanta kowane shafi sau biyu.

Ka yafe min tsayuwar bakin ƙofa. Ina son ka tun ranar da ungozoma ta miƙo min kai na kawar da fuska.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, Nasiru. Sai mun zo.

Wadda kake ce wa Yaya,
Mahaifiyarka.