Gilashin da Ya Sake Tsagewa a Jena

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama, ya sanyin Panagyurishte? Ni lafiya lau, hannuwana ne kawai suka ɗan farfashe saboda ruwan goge gilashi.

Gilashin madubin likita da muke ƙerawa ya sake tsagewa wajen gwaji. Shugabanmu Eberhard ya ce, "Tsvetana, ki haƙura, manyanmu ma sun gaza." Na ce, "Ai shi ya sa kuka ɗauko ni." Idan bai yi ba zuwa bazara, za a rufe sashenmu.

Kun ce in dawo gida in huta. Baba, ba inda za ni sai likita ya hango cuta ta cikin gilashina.

A turo mini cukunmu, nasu lami ne. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarku,
Tsvetana