Gemun Miliyan Ɗaya

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Ya ƙafar Umma, tana shan maganin kuwa? Ka gaida Anti da yara. Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga kwana biyu.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne wasan bidiyon da kamfaninmu ke haɗawa ya cinye miliyan ɗari uku. Mu ma musun da muke yi ke nan. Mai haɗa sauti ya rantse gaskiya ne, tunda har jarida ta buga. Mai zane ta ce jaridar ma a intanet ta tsinta. Ni dai ina gefe ina gwada wasan, ba na tanka musu.

Ga dalili. Kwanaki a ɗakin shan shayi na ce gemun jarumin wasan kaɗai ya ci miliyan ɗaya, don wata huɗu muka yi muna gyara shi. Wallahi raha nake yi, kowa ya yi dariya. Yanzu ga gemun a jarida har da kuɗinsa, wai in ji majiya mai tushe. Majiyar ni ce, Yaya.

Masu zuba jari sun tsorata, manaja yana kiranmu ofis ɗaya bayan ɗaya don ya gano majiyar. Jibi ne nawa. Takardar zamana a ƙasar nan kuma da aikin take rataye.

Kada ka gaya wa Umma, ka ce dai ta sa ni a addu'a. Tun ina ƙarama take cewa bakina zai ja mini.

Ƙanwarka